Ciwon daji ya toshe wa Baba hanji: raga za a saka masa ko tiyata za a yi?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya. Mahaifinsu ɗan shekara 67 ne, yau kwana 3 bai yi bayan gida ba, ko iska ba ta fita, ciki ya kumbura, jiya kuma ya fara amai. An yi hoton CT an ga ƙari a babban hanji ta ɓangaren hagu, an kuma ga wasu ɗigo-ɗigo a hanta. Likita ya ce hanya biyu ce: ko a yi tiyata a fito da bakin hanji ta jikin ciki a riƙa maƙala jaka, ko a zura wata ragar ƙarfe da ake kira sitent ta buɗe wurin da ya toshe. Baba ya ce shi kam ba zai tsaya salla da jakar kashi a jikinsa ba. Yayanta kuma yana ganin a nemi biza a kai shi Masar. Tana so ta san mene ne wannan raga, ko tana warkar da ciwon, da kuma wanne ya fi cikin biyun.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Bari in fara da maganar Masar, domin ita ce ta fi gaggawa. Ki ba Yaya haƙuri, ba yanzu ba. Wanda hanjinsa ya toshe ƙurmus ba ya jiran biza. A mahaɗar ƙaramin hanji da babba akwai wata 'yar ƙofa da ke barin abu ya wuce gaba, amma a mutane da yawa ba ta barinsa ya dawo baya. Idan gaba ya toshe, bayan gida da iska sai su taru tsakanin ƙofar nan da ƙarin, hanji ya yi ta kumbura. Wurin da ya fi siririn bango shi ne farkon babban hanji, can ƙasan ciki ta dama, kuma da zarar faɗinsa ya kai wajen santimita 12 a hoto, hankalin kowane likitan tiyata ya tashi, don yana iya fashewa. Ga shi iskar da ke cikin jikin mutum ƙara faɗi take yi idan jirgi ya yi sama. A fara buɗe hanyar a nan gida. In ya so bayan ya samu kansa, duk inda Allah ya hore muku ku kai shi.

Kafin nan kuma, kada wanda ya ba shi filasko ko wani maganin wankin ciki, na asibiti ne ko na gargajiya. Irin waɗannan magunguna tilasta wa hanji matsawa suke yi, ga shi ba mafita, ƙarshenta su ƙarasa abin da muke tsoro. Yanzu abin da yake bukata ƙarin ruwa ne ta jijiya, da robar hanci da za ta zuƙe abin da ya taru in amai ya yi yawa, da gwajin jini don a ga halin da ƙodarsa take ciki.

To, ragar. Wani ɗan bututu ne da aka saƙa da siririyar waya, yawanci ta gamin ƙarfen nikel da titaniyam. Wannan gami yana da wata ɗabi'a: ko an matse shi ya zama siriri, da an sake shi cikin ɗumin jiki sai ya koma siffarsa ta asali. Ana kawo shi a matse cikin wata doguwar roba. Likita zai shiga ta dubura da na'urar leƙa hanji mai kyamara, har ya isa bakin ƙarin. Daga nan ya lallaɓa siririyar waya ta ratsa ɗan ramin da ya rage a tsakiyar ƙarin, yana kallon hoton eksire a allo, sannan ya bi ta kan wayar ya tura ragar, ya sake ta ta yadda za ta zarce ƙarin da kamar santimita 2 ta kowane gefe. Tsawonta kan kama daga santimita 6 zuwa 12, faɗinta kuma in ta gama buɗewa milimita 22 zuwa 25. A hankali take buɗewa, cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a yanka ciki, sau da yawa ma ba a sa mutum barci mai nauyi, allurar kwantar da hankali da ta rage zafi sun isa. Idan ta zauna daidai, wani lokaci tun mutum yana kan gadon aikin bayan gida zai ɓalle, don haka kada ku tsorata in kun ga ana ta sauya zanin gado a daren farko. Mu a wurinmu wannan abin murna ne.

Amma ba ta warkar da komai. Kamar kwalbati ce da aka saka inda ƙasa ta zabtare ta rufe hanyar ruwa: ruwa zai wuce, ƙasar kuwa tana nan kewaye da ita. Ƙarin yana nan, yana ci gaba da girma. Abin da ragar ke sayo wa mara lafiya lokaci ne, kuma duk shawarar ta rataya ne a kan me za a yi da wannan lokacin.

Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa likitan Baba ita ce: wannan ciwon ana sa ran cire shi gaba ɗaya, ko kuwa ya wuce nan, sauƙaƙa masa rayuwa ake nema? Kada ki yanke hukunci da kanki don kin ji an ambaci hanta. Ba kowane ɗigo a hanta ne ciwon daji ba, akwai ƙulluttukan ruwa da na jijiyoyin jini da mutane da yawa ke ɗauke da su ba su sani ba. Ko da ma ciwon ne ya kai can, idan wurare kaɗan ne kuma a gefe guda, akan yanke su, wasu har su warke. In kuwa ya watsu a ko'ina cikin hantar, lissafi ya sauya.

Mu ɗauka ya watsu, ba a sa ran cirewa. A nan ragar ta fi ƙarfi, kuma ita ƙungiyar likitocin leƙa hanji ta Turai ta fifita a ƙa'idojin da ta sabunta a 2020. Dalilin a fili yake. Mutumin da kwanakinsa suka yi tsada bai kamata ya ƙarar da makonni yana jinyar yankan ciki ba. Da raga yakan fara shan ruwa-ruwa washegari, ya koma gida cikin 'yan kwanaki, ba jaka, kuma in za a fara masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, ba sai an jira rauni ya warke ba. Sai dai ina da wani ɗan sharaɗi da nake sakawa a nan. Ragar tana aiki da kyau na watanni, amma da daɗewarta a jiki da ƙaruwar yiwuwar ta ba da matsala. Yanzu da magungunan kemo suka inganta, akwai masu ciwon da ya kai hanta da ke yin shekara biyu ko fiye. Idan Baba mai ƙarfin jiki ne, yana hidimominsa har zuwa makon da ya wuce, to ko an saka ragar yau, a bar ƙofar tiyata a buɗe don gaba. In kuwa jiki ya riga ya yi rauni, ga ciwon zuciya ko na suga, ragar kaɗai na iya zama duk abin da yake bukata.

Mu ɗauka kuma ana sa ran cirewa. A nan ragar gada ce kawai zuwa tiyata. Yanka hanjin da ya kumbura, cike da bayan gida, a jikin tsohon da ya kwana 3 yana amai, aiki ne mai haɗari, kuma likita yakan ji tsoron ɗinke bakin hanjin biyu don kada ɗinkin ya zare. Shi ya sa akan cire ƙarin, a rufe ɓangaren ƙasa, a fito da na sama ta jikin ciki, aikin da ake kira da sunan likitan Faransa Henri Hartmann tun farkon shekarun 1920. Ana cewa jakar ta wucin gadi ce, amma gaskiya tsofaffi da yawa ba a komawa a mayar musu da hanjin ciki. In aka saka raga kuwa, hanji ya sace, mutum ya ci abinci, aka gyara jininsa, aka gama bincike a natse, sai a yi tiyatar bayan kamar mako 2, a cire ƙarin da ragar tare, a ɗinke hanji a zama ɗaya.

A baki abin yana da daɗin ji, amma likitoci sun daɗe suna jayayya a kansa, kuma ya kamata ki san dalili. Wani likita mai suna Dohmoto ne ya fara ba da rahoton saka irin wannan raga a 1991, sai Tejero da abokan aikinsa a Sifen suka kawo dabarar yin gada da ita a 1994. Daga baya aka yi gwaji biyu na kwatanta raga da tiyata a ƙasar Holan, an buga sakamakonsu a 2008 da 2011, kuma dukansu sai da aka tsayar da su kafin lokaci saboda matsalolin da aka samu a ɓangaren masu raga, musamman hujewar hanji. Abin tsoron ba hujewar kaɗai ba ne. In hanji ya huje a daidai ƙarin, ƙwayoyin ciwon na iya zubewa cikin ciki, ciwon da ake sa ran warkarwa ya zama mai dawowa. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar Turai ɗin nan ta ja baya, ta ce kada a mayar da gadar hanyar kowa da kowa. A 2020, da hujjoji suka ƙaru, ta sassauta ta ce zaɓi ne da za a tattauna da mara lafiya idan toshewar a hagu take. Sai babban gwajin Birtaniya mai suna CReST ya fito a 2022, da marasa lafiya 245 daga asibitoci 39. A cikin waɗanda aka gwada saka wa raga, ta buɗe hanya a kashi 82 cikin 100. Waɗanda suka ƙare da jaka kashi 47.5 ne a ɓangaren raga, kashi 67.9 a ɓangaren tiyatar gaggawa, kuma ba a ga bambancin kirki ba a mace-mace ko dawowar ciwon cikin shekara 3.

Ki dubi lambobin nan da kyau. Ragar ta rage yawan masu jaka sosai, amma kusan rabi sun ƙare da ita duk da haka. Kada kowa ya yi wa Baba alkawarin cewa raga na nufin ba jaka har abada. A shirya zuciyarsa tun yanzu, don in waya ta ƙi ratsa ƙarin, ko hanji ya huje ana cikin aiki, daga ɗakin nan sai ɗakin tiyata.

Akwai kuma inda ba a ma fara zancenta. In hoto ya nuna hanji ya riga ya huje, ko wani ɓangarensa ya mutu don rashin jini, ko ciki ya yi tauri da zazzaɓi, tiyata ce kai tsaye. In ƙarin yana ƙasa sosai, cikin santimita 5 daga bakin dubura, ragar takan jawo zafi da jin nishi ba dare ba rana, har mutum ya kasa riƙe bayan gida. In ciwon ya bazu a tantanin ciki ya shaƙe hanji a wurare da dama, buɗe wuri ɗaya ba ya amfanar da komai. A nan magunguna ne ke taimakawa, irin su mofin don zafi, da Buscopan don murɗawar ciki, da masu rage ruwan da hanji ke fitarwa. Ba a kuma saka ta don rigakafi ga wanda bai toshe ba. Sannan akwai maganin ciwon daji mai suna Avastin, wanda ke hana ƙari yin sababbin jijiyoyin jini. Haɗuwarsa da raga na ƙara haɗarin hujewa, don haka dole likitan kemo da mai saka ragar su yi magana da juna tun kafin a fara.

Matsalolinta uku ne manya. Hujewa ita ce mafi muni, kuma idan aka tara rahotanni tana faruwa a wajen mutum 4 zuwa 5 cikin 100. Sai zamewa daga wurinta, a wajen mutum 1 cikin 10, sau da yawa bayan kemo ya rage girman ƙarin ta rasa abin kamawa. Wani ma a bayan gida zai gan ta, kuma in hanya ta buɗe ba lallai a sake saka wata ba. Sai sake toshewa, shi ma kusan haka yawansa yake, ko don ƙarin ya kutso ta ramukan saƙar, ko don busasshen bayan gida ya cushe ta. Ana iya wanke ta, ko a zura wata ragar cikin ta farko.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk waɗannan lambobi muhimmanci a ƙasarmu. Sakamakon da kika ji daga asibitocin da suka saba aikin ne, masu na'urar leƙa hanji da injin eksire mai nuna hoto kai tsaye a ɗaki ɗaya, da ragar a ajiye a kanta, da likitan tiyata a tsaye a kusa. Ba kowane asibiti ke da wannan ba, ragar kuma daga waje ake shigo da ita, da kuɗin waje. Saboda haka ki tambayi likita ba kunya: ragar tana nan a asibitin ko sai an yi odarta daga Legas ko Abuja? Wa zai saka, kuma ya saba yi? In ta ƙi, akwai ɗakin tiyata da jini a shirye a ranar? Idan amsar ita ce za a saka gobe da safe a hannun wanda ya ƙware, ni da Babana ne zan ce a saka. In kuwa sai an jira kwana 5 kaya su iso, ko wanda zai yi bai taɓa yi ba, ku karɓi tiyatar. Akwai ma ƙaramar tiyata da ba a taɓa ƙarin, a fito da hanji kawai ta sama da wurin toshewar don ya huce, daga baya a dawo a yi babban aikin. Ita ma gada ce, kuma duk likitan tiyatar ciki ya iya ta.

Maganar salla kuwa, na fahimci Baba, kuma ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Ku nemo malamin da yake girmamawa ya zo ya zauna da shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin hukuncin wanda najasa ke fita daga jikinsa ba da ikonsa ba, kamar mai yoyon fitsari, kuma sauƙi suka yi masa, ba su ɗauke masa salla ba. Musulmi da yawa masu jaka suna sallarsu, suna zuwa masallaci, har aikin Hajji suna yi. Jaka mai kyau in ta manne daidai ba ta wari, ba a kuma ganinta ƙarƙashin riga. Wahalarta a nan ita ce kuɗi da samuwa, don abu ne da ake saye kowane wata, har wasu kan koma ɗaura leda, fata ta saɓule. In kuna lissafin tsadar raga, ku sa wannan ma a sikeli.

In Allah ya sa aka saka ragar, aikin da ya rage na mai girki ne. Abin da ake so bayan gida ya kasance mai laushi kullum, don hanyar ba ta miƙewa kamar hanji na asali. A fara da ruwa da shayi da romo, sai koko da kunun da aka tace, sai tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa busasshiya, da ƙwai, da kifi, da naman da ya dahu ya yi luguf, da dankali ba ɓawo, da ayaba. Abubuwan da muka saba cewa suna gyara ciki su ne a nan abin gudu: kwaɗon zogale da na rama, dambu, gasasshiyar masara, gyaɗa, aya, goriba, wake da ɓawonsa, mangwaro mai zare, da lemo in ba matse ruwansa aka yi ba. Kilishi da tsire ma a dakata. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya tauna sosai, in haƙora sun yi ƙaranci a niƙa masa. Ruwa ya wadata. Likita zai rubuta maganin tausasa bayan gida irin su laktulos, a sha kullum, ba sai an ga ya kwana biyu bai fita ba. Kada a ɗura masa komai ta dubura sai da izinin likita. In za a yi masa hoton MRI ko wani bincike a gaba, a faɗa musu akwai raga a jikinsa.

Ɗan jini kaɗan da murɗawar ciki a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Amma ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko ciki ya sake kumbura iska ta daina fita, ko jini mai yawa, ko amai ya dawo, wannan ba a jira gari ya waye. A koma asibitin da aka saka ta, da takardar aikin a hannu.

Ki kuma tabbatar an ɗebi ɗan nama daga ƙarin an kai gwaji, ko lokacin saka ragar ko a tiyata. A yankinmu tarin fuka na hanji da wasu cututtuka kan yi kama da ciwon daji a hoto, kuma maganinsu daban ne gaba ɗaya. Ba a fara kemo sai da wannan sakamako.

In gwaji ya tabbatar ciwon daji ne, ke da Yaya da sauran 'ya'yan Baba haɗarinku ya ɗara na sauran mutane. Duk wanda ya kai shekara 40 a cikinku ya ga likita a tsara masa leƙa hanji, ko da ba ya jin komai. Wanda kuma yake ganin jini a bayan gida, ko bayan gidansa ya sauya na makonni, ko yake ramewa ba dalili, kada ya tsaya shan maganin basir, ya je a duba shi ko shekarunsa ba su kai ba, don a nan muna ganin wannan ciwo a 'yan shekara talatin da wani abu.